Yadda ake haɗa moton fes ɗaya na injin sassaƙar ƙarfe ya yi gaba ya yi baya

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe a wurin aikina, moton da ke jansa na fes ɗaya ne, irin wutar soket ta gida. A jikin farantinsa an rubuta 230 V, 0.75 kW, 50 Hz, juyi 1420 a minti. Akwai kafasito, wato gwangwanin da ke ajiye caji, babba guda ɗaya a bayansa, akwatin haɗinsa kuma kusoshi shida ne da 'yan gadoji biyu na tagulla. Gaba kawai yake juyawa, ni kuma ina so ya riƙa yin baya saboda yankan tiredi, wato murɗin da ke jikin sukuru. Na musanya wayar wuta da ta nutural, bai canja komai ba. Na sayo makunni mai hannu, mai gaba da tsakiya da baya, bakinsa shida, amma zanen da ke takardarsa na moton fes uku ne. Yaya zan haɗa ba tare da na ƙona moton ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, so kake hannun makunnin nan ya riƙa zaɓar maka inda moton zai nufa, ba sai ka buɗe akwati da sifana ba duk lokacin da kake son baya. Abin yana yiwuwa, kuma da kayan da ke hannunka ma kusan an gama. Musayar wuta da nutural kuwa kada ta dame ka, kusan kowa da ita yake farawa, ni ma da ita na fara. Ba ta ƙona komai, ba ta kuma tsinana komai. Amma kafin in ce maka ɗaura wannan waya a nan, bari mu fara duba dalilin da ya sa ba ta yi aiki ba, domin duk sauran bayanin daga nan yake fitowa.

Abin da ke zaɓar wa moton alkibla

Wutar da ke soket mai kai da komowa ce. A 50 Hz, sau ɗari take juya fuska a kowace daƙiƙa. Wato musayar da ka yi da hannunka, wutar da kanta tana yin ta sau ɗari a daƙiƙa ɗaya, moton kuma bai fasa tafiyarsa ba. Ka ga kenan ba a nan alkiblar take ba.

A cikin moton akwai koyil iri biyu. Na farko shi ne babban koyil, wanda ke ɗauke da aikin muddin moton yana kunne. Shi kaɗai ba ya iya tayar da moton daga tsaye, saboda maganaɗisun da yake haifarwa ba zagayawa yake ba, bugawa yake gaba da baya a kan layi ɗaya. Ka tuna keken ɗinki na ƙafa. Ƙafar tela sama da ƙasa kawai take yi, ba ta san hagu ba, ba ta san dama ba. Hannun da ya ɗan tura tayar keken a farko shi ke zaɓar inda za ta juya, daga nan sai ƙafa ta ci gaba da abin da hannu ya fara. To babban koyil shi ne ƙafar. Hannun shi ne koyil na biyu, koyil ɗin tashi, wanda aka naɗa a tsakankanin na farko, aka kuma jera masa kafasito domin wutarsa ta riga ta babban koyil isowa da ɗan lokaci. Wannan ɗan bambancin lokacin, tare da bambancin wurin zama, shi ke sa maganaɗisun ya zagaya maimakon bugawa a wuri ɗaya.

Da zarar moton ya kai kamar kashi uku cikin huɗu na gudunsa, akwai wani makunni a ciki, mai 'yan nauyaye-nauyaye da sifirin a kan sandar moton. Gudu yana watsa nauyayen waje, makunnin ya buɗe, ya cire koyil ɗin tashi da kafasitonsa daga wuta. Ƙarar "ƙyas" da kake ji in ka kashe moton ya kusa tsayawa, makunnin nan ne yake komawa ya rufe. Ka riƙe wannan ƙarar a ranka, za mu dawo kanta.

Saboda haka alkibla tana zuwa ne daga yadda koyil ɗin tashi yake fuskantar babban koyil. In ka juya bakin ɗaya daga cikinsu ka bar ɗayan, moton zai koma baya. In ka juya su duka biyun, ka dawo inda ka fito, kuma abin da musayar wuta da nutural ke yi kenan: tana juya su tare. A moton fes uku labarin daban ne, can musanya kowace waya biyu cikin uku ya isa, shi ya sa zanen takardar makunninka bai yi maka amfani ba. Makunnin dai shi ne, haɗin ne ya bambanta.

Gano wayoyin kafin a taɓa komai

Ka zare filogi daga soket, kashe makunni kawai bai isa ba. Kafasiton tashi yana iya riƙe caji bayan an cire wuta, don haka ka sauke shi ta hanyar ɗora resista mai om dubu 15 zuwa dubu 20 a bakinsa na 'yan daƙiƙoƙi. Na san da yawa sukundireba suke sawa su ji "tas", amma wannan tartsatsin yana cin bakin kafasiton, ranar da aka yi rashin sa'a kuma ya ci hannu. Sannan ka ɗauki hoton akwatin yadda yake kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka kuma duba bayan murfin. Yawancin masu ƙera moto suna manna zane biyu a wurin, ɗaya gadojin a kwance, ɗaya a tsaye. Zanen nan biyu su ne gabanka da bayanka, kuma aikin makunnin kawai shi ne ya maye gurbin gadojin.

A ƙa'idar da ake bi a Turai da ƙasashe da dama, U1 da U2 su ne bakin babban koyil, Z1 da Z2 kuma na koyil ɗin tashi. A motocin kusoshi shida irin naka, sauran biyun galibi na makunnin ciki ne, wasu kamfanoni suna rubuta musu V1 da V2. A motocin Amurka lambobi ake amfani da su: T1 zuwa T4 na babban koyil, T5 da T8 na tashi, har za ka ga an rubuta a faranti cewa a musanya 5 da 8 domin juya alkibla. Amma ni ban taɓa amincewa da harafi ba sai mita ta shaida. Na sha buɗe moton da aka yi wa sabon naɗi, mai naɗin ya mayar da wayoyin yadda suka zo masa a hannu, harafin da ke kan kusa yana faɗin abu ɗaya, wayar da ke ƙarƙashinsa tana faɗin wani.

Ka kwance gadojin biyu da wayoyin da ke kawo wuta, ka cire ƙafa ɗaya ta kafasiton, ka sa mita a kan awon om mafi ƙanƙanta, ka bi kusoshin bibbiyu. Za ka sami ma'aurata uku. Waɗanda suka nuna kusan sifili, makunnin ciki ne a rufe, tunda moton a tsaye yake. Waɗanda suka nuna om kaɗan, ƙasa da goma a moto mai girman naka, babban koyil ne, domin wayarsa ta fi kauri. Waɗanda suka nuna fiye da haka, galibi koyil ɗin tashi ne. Na ce galibi saboda a wasu motoci masu kafasito awon biyun yana kusa da juna. In haka ta faru, bi wayar kafasiton: inda ta shiga, can ɓangaren tashi yake. Ka kuma auna kowace kusa da jikin ƙarfen moton, nan bai kamata mita ta motsa ba sam. In ta motsa, ajiye maganar gaba da baya, moton yana zubar da wuta a jiki, gyara yake bukata tukuna.

Koyil ɗin tashi da kafasito da makunnin ciki a jere suke kamar sarƙa, ɗaya na bin ɗaya. Sarƙar tana da baki biyu a sake, kuma su ne kusoshin da gadojin suke haɗawa da U1 da U2. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane su: duba hotonka, kusoshi biyun da gadojin suka sauka a kansu, ban da na U, su ne bakin sarƙar. Bari mu kira su bakin tashi na ɗaya da bakin tashi na biyu. Ba ruwanka da tsakiyar sarƙar, ka mayar da ƙafar kafasiton inda ka cire ta. Waya huɗu kenan za su fita daga moton zuwa makunni, biyu na babban koyil, biyu na sarƙar tashi, sai ta biyar, wayar ƙasa. Duk wanda ya ce maka da waya biyu ko uku zai juya moto irin naka, akwai abin da bai gani ba.

Saboda wanda zai karanta wannan da moto daban a gabansa, bari in ɗan ratse. Wani moton waya uku kawai yake fitarwa, saboda an haɗe bakin babban koyil da na tashi tun a ciki. Sai an buɗe murfin baya, an nemo mahaɗar a cikin ɗaurin koyil, an raba, an fito da waya ta huɗu. Aiki ne na mai haƙuri, domin tsohon rufin waya yana farfashewa da an lanƙwasa shi, in hannunka bai saba ba ka kai wa mai naɗin koyil. Akwai kuma moto mai waya uku da kafasito ƙarami wanda koyil ɗinsa biyu daidai suke, shi ana juya shi ne da matsar da wuta daga ƙafa ɗaya ta kafasiton zuwa ɗayar, amma ba kasafai ake samunsa a injin sassaƙa ba, ƙarfin tashinsa kaɗan ne. Wanda ya fi cin mutane shi ne moto mai ƙarfin wuta biyu, 115 da 230. A yawancinsu koyil ɗin tashi na 115 ne, ko an haɗa moton a 230 yana zaune ne a kan rabin babban koyil. Wanda ya ɗauki bakinsa biyu ya ɗora kai tsaye a kan 230 ya ninka masa wuta, kafasiton ne zai fara faɗa masa. Naka tunda 230 kawai aka rubuta, wannan bai shafe ka ba.

Haɗin makunnin

Makunnin ma sai ka auna shi, kada ka yi masa zato. Ka sa hannun a gaba, ka bi bakunan da mita ka rubuta waɗanda suka haɗu, ka sa a baya ka sake, ka sa a tsakiya ka tabbatar babu wanda ya haɗu da wani. Tsarin da ya fi yawa a masu baki shida shi ne: a gaba 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6. A baya kuma 1 da 3, 2 da 4, 5 da 6. Lura da cewa 5 da 6 suna haɗuwa ko ta wane gefe, wato su kunnawa da kashewa kawai suke yi. Sauran huɗun su ke yin gicciye.

In naka haka yake, ga haɗin. Wayar wuta ta shiga 6. Daga 5 waya ta tafi U1, sannan wata 'yar gajeriya ta tashi daga 5 ɗin zuwa 2. Nutural ta shiga 3, daga nan kuma ta wuce U2. Bakin tashi na ɗaya a kan 1, na biyu a kan 4. Bi shi da yatsa a kan takarda ka gani: a gaba, 1 ya sami wuta daga 2, 4 ya sami nutural daga 3. A baya, 1 ya sami nutural, 4 ya sami wuta. Babban koyil bai motsa ba a duka biyun, sarƙar tashi ce kaɗai ta juya. Gadojin tagulla kuwa ka cire su duka ka ajiye. In ka manta ko guda ɗaya a ciki, gefe ɗaya zai yi aiki lafiya, ɗaya gefen kuma wuta da nutural za su haɗu kai tsaye ta cikin makunnin, bireka ta faɗi, bakin makunnin ya narke. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani.

In lambobin makunninka ba su bi wannan tsarin ba, kada ka tilasta. Nemo ma'auratan da ke haɗuwa a gefe biyun, su ne 5 da 6 ɗinka, sauran huɗun ka jera su bisa abin da mita ta nuna. In kuma ka gama ka ga hannun yana gaba moton yana baya, musanya wayar 1 da ta 4, shi kenan.

Wannan haɗin yana da rauni ɗaya da ya kamata ka sani. A tsakiya wayar wuta kaɗai yake yankewa, nutural tana nan har cikin moton. In soket ɗin an haɗa shi a juye, ko kuwa a tsarin da wayoyin biyu duk masu wuta ne kamar 240 na Amurka, moton a kashe yake amma akwatinsa da wuta. Don haka dole a sami abin da ke yanke wayoyin biyu kafin makunnin, zan zo kansa.

Batun girma: moton 0.75 kW, wato kusan ƙarfin doki ɗaya, yana jan kamar amfiya 5 a 230, a lokacin tashi kuma ninki biyar zuwa bakwai na haka na ɗan lokaci. Makunnin ya zama wanda aka yi domin moto, mai ɗaukar amfiya 16 ko fiye. 'Yan ƙananan makunnan nan masu ƙafa shida da ake sa wa rediyo suna iya yin gicciyen, amma bakinsu ba ya jure tartsatsin. Waya mai laushi ta 1.5 mm² ta isa a gajeren nisa, in da tazara ka sa 2.5. Wayar ƙasa ta kama jikin moton da akwatin makunnin in na ƙarfe ne da gangar injin, ba a bi da ita ta cikin makunni. Ka toshe duk ramin da ɓurɓushin ƙarfe zai iya shiga, domin siririn zaren ƙarfe ɗaya ya isa ya haɗa kusoshi biyu.

Sai ya tsaya kafin ya juya

Nan ne na fi so ka natsu, domin wannan ba a rubuta shi a jikin makunni. Moton nan sau ɗaya yake tambayar alkibla, lokacin tashi. Da ya ɗauki gudu, makunnin ciki ya buɗe, sarƙar tashi ta fita daga wuta. In ka fizgi hannun daga gaba ka zarce baya ba tare da ka jira ba, wayoyin da ka juya ba sa ɗauke da komai. Babban koyil zai sake samun wuta, ya tarar da moton yana juyawa gaba, ya ci gaba da tura shi gaba da cikakken ƙarfi, hannun makunni yana nuna baya.

Ni da idona na koyi wannan. Ina yanka tiredi a kan wani gajeren sanda mai kafaɗa, bakin yanka ya kusa ƙarshe, sai na buga hannun daga gaba zuwa baya a bugu ɗaya, yadda na saba a wani injin mai fes uku. Injin bai ko yi tari ba. Bakin yankan ya shige cikin kafaɗar, ya karye, aikin ya goce a cikin cok, wato abin da ke riƙe aiki yana juyawa da shi, ni kuma ina tsaye ina kallon hannun makunnin kamar shi ya yi laifi. Tun ranar ƙa'idata ɗaya ce: hannu a tsakiya, a jira "ƙyas", a jira cok ya tsaya, sannan baya. In motonka mai kafasito biyu ne, na tashi da na aiki, na aikin yana nan a haɗe ko a cikin gudu, to juyin gaggawa yana iya sa shi ya yi gurnani yana jan wuta mai yawa, ko ya juya da fizga. Shi ma a jira shi ya tsaya. Haɗinsa dai ɗaya ne da wanda na faɗa, kafasitocin biyu suna cikin sarƙar.

Dalilin da ya sa kake son baya na gane shi: in dogon sukurun injin na inci ne, tiredin da kake yanka kuma na milimita, ba a sakin rabin notin da ke kama sukurun yana jan bakin yanka har a gama, sai dai a ja baki a mayar da injin baya. Sai dai hakan yana nufin tashi da tsayawa sau da yawa a jere. Kafasiton tashi ba na dogon aiki ba ne, yawancinsu an yi su ne domin kamar tashi ashirin a awa, kowane na 'yan daƙiƙoƙi. Gajeren tiredi mai bi goma sha biyar, kowane bi da gaba da baya, tashi talatin kenan cikin minti kaɗan. Ka riƙa taɓa kafasiton da bayan hannu. In ya yi zafi, ba shi hutu. A gajeren tiredi ni na fi son in zare filogi in juya sandar injin da hannu, ya fi sauri a ƙarshe, kuma ba ya wuce inda na ce ya tsaya.

Sannan ka duba yadda cok ɗinka ya zauna a kan sandar injin. A injuna da yawa na da, irin su Myford ML7 da ƙananan South Bend, murɗa shi ake yi a kan tiredi. Juyin gaba yana ƙara ɗaure shi, juyin baya yana kwance shi. Moto mai kafasiton tashi kuwa da fizga yake tashi, fizgar nan kaɗai a babban gudu tana iya warware cok mai nauyi, ya bi kan gadon injin ko ya sauko kan ƙafarka. In naka na murɗawa ne, baya ya tsaya a kan ƙaramin gudu, kuma domin mayar da baki kawai, ban da yanka. In kuwa da kusoshi aka ɗaure shi a jikin faranti, ko mai makullan gefe ne, ba ka da wannan damuwar.

Abin da ya kamata ya zo kafin makunnin

Makunni mai hannu inda ka bar shi nan yake zama. In wuta ta ɗauke kana tsakiyar aiki, ka sa makulli a cok kana kwance aikin, wuta ta dawo, injin zai tashi da hannunka a ciki. Haka ma in moton yana da abin kariyar zafi mai komawa da kansa: zai kashe moton, ya huce, ya kunna shi ba sallama. Maganin ɗaukewar wutar, ban da na abin kariyar zafin, shi ne makunnin kore da ja mai riƙe kansa da maganaɗisu, wanda ke saki da zarar wuta ta yanke, ba ya kuma komawa sai an danna kore. Ka sa shi tsakanin filogi da makunnin hannu, mai yanke waya biyu. Da shi ka toshe raunin nutural da na ambata, ka kuma sami jan maɓalli na tsayawar gaggawa. Tsarin da nake so shi ne makunnin hannu ya zama mai zaɓar alkibla kawai, kunnawa da kashewa a bar wa kore da ja. Hakan yana rage tartsatsi a bakinsa, yana kuma hana hannu saurin zarcewa.

Wanda ke son abin ya fi haka tsari yana iya amfani da kwantakta biyu, wato makunnan da maganaɗisu ke rufewa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kowace mai baki huɗu, biyu na babban koyil biyu na sarƙar tashi. Dole a kulle su da juna ta waya da kuma ta ƙarfe, yadda ba za su taɓa rufewa tare ba. In ka sa abin kariyar lodi irin na fes uku, ka bi da wutar ta cikin ƙafafunsa uku a jere, in ba haka ba zai ɗauka fes ya ɓace ya riƙa faɗuwa, sannan ka saita shi a kan amfiyar da ke farantin moton. A ƙaramin inji irin naka ban ga dole ba, makunnin hannu da kore da ja sun wadatar.

Akwai kuma hanyar da ke kawar da matsalar baki ɗaya: a sauya moton da na fes uku mai 230 da 400, a haɗa shi a tsarin kusurwa uku, a ba shi inbata mai karɓar fes ɗaya tana fitar da uku. Nan baya da gaba ƙaramin maɓalli ne, tashi a hankali, tsayawa a hankali, ga sarrafa gudu. In yankan tiredi shi ne yawancin aikinka, ranar da moton nan ya gaji can zan ce ka nufa. Amma kada ka ɗora irin wannan inbatar a kan moton da kake da shi yanzu, ba ta jituwa da kafasito da makunnin ciki. Ƙananan injunan nan na kan tebur masu maɓallin murɗa gudu kuma wani gida ne daban, yawancinsu moton wuta mai tafiya ɗaya ne da allon lantarki, duk abin da na faɗa a sama bai hau kansu ba.

Gwajin farko

Daga nan ba na ganin murfin akwatinka, lambobin da na ba ka na tsarin da ya fi yawa ne, saboda haka in zanen murfin ko mitarka suka saɓa da ni, su za ka bi. In kuma ba ka taɓa aiki a kan wutar 230 ba, ka yi haɗin a takarda, ka sami ma'aikacin lantarki ya tsaya a kanka.

Kafin ka ba da wuta, ka auna tsakanin ƙafar wuta da ta nutural a filogi, ko a bakin shigar makunnin hannu in ka riga ka sa kore da ja. A tsakiya mita ta nuna a buɗe. A gaba da baya ta nuna kusan awon babban koyil da ka rubuta ɗazu, iri ɗaya a gefe biyun. In wani gefe ya nuna sifili, akwai gadar da ta rage ko waya ta sauka ba a wurinta ba. Ka rufe akwatin moton, domin ko koyil ɗin tashi da ke a cire yana haifar da wuta a bakinsa muddin moton yana gudu. Ka cire bel daga fuli, ka kunna gaba. Ya kamata ya tashi cikin daƙiƙa ɗaya. In ya tsaya yana gurnani bai juya ba, kashe nan take, sarƙar tashi ba ta samun wuta, duba 1 da 4 da 'yar wayar da ke tsakanin 5 da 2. In ya tashi amma ƙararsa ta yi nauyi, kafasiton yana ɗumi, makunnin ciki bai buɗe ba ko ka tsallake shi a haɗin, shi ma kashe kafin ka ji ƙauri. In komai lafiya, kashe, saurari "ƙyas", bari ya tsaya, gwada baya. Sai ka mayar da bel a kan mafi ƙanƙantar gudu, ka cire makulli daga cok, ka sake gwada gefe biyun kana tsaye a gefe, ba a saitin cok ba.

In wani awo ya ba ka mamaki, turo mini abin da mita ta nuna tsakanin kusoshin shida, da yadda bakunan makunnin suka haɗu a gaba da baya, sai mu bi su tare.